Malam Edita, ni dai tsoron jirgin sama nake, kuma ba ni kaɗai ba ne a Damagaram

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya haƙuri da mu masu dogon rubutu. Daga Damagaram nake rubuto maka, ni ɗan kasuwa ne, shagona na nan wajen Kasuwar Dole ina saida kayan sola, fanel da batura da fitilu, kuma sana'ar nan ita ke kai ni Gwanzu ta ƙasar Sin kusan sau biyu a shekara. Abin da zan faɗa ba kowane magidanci ke yarda ya faɗe shi a gaban mutane ba, amma ni yau zan faɗa: wallahi tsoron jirgin sama nake. Ba ɗan faɗuwar gaba ba, a'a, tsoro na gaske wanda tun ana saura sati guda tafiya tuwo ke daina shiga, uwargida ta yi ta tambaya ko bashi ne ya biyo ni.

Tafiyata ta farko ba zan manta ba. Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai muka tashi za mu Addis Ababa, jirgi ya yi gudu ya ɗaga, ba a yi minti ɗaya ba na ji wani abu ya buga ƙarƙashin ƙafafuna gum, sai kuma can ƙarar inji ta ragu kamar an kashe, jikina ya ba ni cewa ƙasa muke komawa. Na damƙe hannun kujera na ɗaga murya da kalmar shahada, har wani bature da ke gabana ya juyo. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Maraɗi mai zuwa Dubai saro kaya, ta kai sa'ar mahaifiyata, tana ta ɓantarar goronta ko a jikinta, ta dube ni ta ce, ɗana kwantar da hankalinka, tayoyi ne suka shige ɗakinsu, injin kuma hutawa ya yi don ya gama hawan tudu. Na ce Hajiya kin tabbata? Ta ce shekara goma sha ina jin wannan ƙarar, ungo goro. Kunya ta kama ni amma na karɓa.

Da na dawo na yi kuskuren ba da labarin a fada, shi ke nan na zama abin dariya har shayi na uku, wannan ya ce Alhaji ina imanin, wancan ya ce ai wanda kwanansa bai ƙare ba ko daga sama ya faɗo sai ya tashi ya karkaɗe riga. Na san haka ne, ni ma na yi allo. Amma dai Manzon Allah (SAW) cewa ya yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, bai ce ka sake shi ba. Abin mamaki kuma, cikin masu dariyar nan mutum biyu sun same ni daga baya a shago a ɓoye, ɗaya ya ce shi dalilin da ya sa yake aika yaronsa saro kaya ke nan, ɗayan kuma Umra yake ta ɗagawa shekara uku yana cewa kuɗi ne ba su cika ba.

Kuma ai ba daga sama tsoron ya faɗo mana ba, da labarai muka tashi. Ina yaro aka yi na jirgin kamfanin UTA na Faransa, ranar 19 ga Satumba 1989, wanda ya taso daga Brazabil ya biya Injamena zai tafi Paris, bam ya tashi da shi a saman Tenere, mutum 170 babu wanda ya fita, a cikin ƙasarmu fa. Shekara biyu bayan nan, Yulin 1991, sai na alhazan Najeriya a Jidda da za su koma Sakkwato, mutum 261. Iyayenmu kuma suna ba da na Kano na 1973, shi ma alhazai ne masu dawowa, mutum 176, sannan ga wanda ya faɗa kan gidaje a Gwammaja a 2002, mu da Kano kuwa kamar tsakar gida da zaure ne, babu wanda bai da ɗan uwa can. To yaron da ya girma yana jin waɗannan a rediyo ka ce don me gabansa ke faɗuwa?

Wanda ya fara warware mini abin ƙanen matata ne, ya yi karatu a EAMAC ta Yamai, makarantar nan ta ASECNA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jirage ta ƙasashen Afirka da dama, da ke koyar da aikin hasashen yanayi da kula da zirga-zirgar jirage. Wata salla ya zo gida na zaunar da shi a zaure na ce ka gaya mini gaskiya, wane kamfani ne ba ya faɗuwa. Ya yi dariya ya ce Yaya wannan ba tambaya ba ce, babu mai ba ka wannan takardar sai Allah, amma akwai tambayoyin da ke da amsa. Ya ce ka san na Jidda ɗin nan da kake ta ambato, sunan Nigeria Airways ne mutane suka sani amma jirgin da matuƙansa na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair da aka yi haya, kuma abin da ya jawo shi tayoyi ne da iska ba ta cika ba, suka fashe wurin gudu suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Haka na Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu a Yulin 2014 ya faɗi a Mali da mutum 116, jirgin haya ne daga wani kamfanin Sifen, Swiftair. Ya ce ba wai haya laifi ba ce, lokacin aikin hajji kusan kowa haya yake, kuma akwai masu ba da haya na ƙwarai, amma dai ka sani sunan da ke saman biyenka, wato tikitinka, ba lallai shi ne mai tuƙa ka ba. Ya nuna mini wurin da ake rubuta "opéré par" da ƙananan baƙaƙe, ni da na yi shekaru ina riƙe takardar ban taɓa kula ba.

Daga nan ya buɗe wayarsa ya nuna mini abu biyu da kowa zai iya dubawa kyauta. Ɗaya rajistar IOSA ce, binciken da ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya IATA ke sa a yi wa kamfani, a duba yadda yake gyaran jirage da horar da matuƙa da sauransu, kuma duk kamfanin da ke cikin ƙungiyar dole sai ya ci wannan jarrabawa. Na biyu kuma jerin kamfanonin da Tarayyar Turai ta hana shiga sararin samaniyarta, tun 2006 suke fitar da shi suna sabuntawa. Ya ce in kamfani na cikin ta farko kuma ba ya cikin ta biyu, to ka ɗaure raƙuminka, saura na Allah ne. Ni dai faransancina na kanti ne amma rubuta sunan kamfani a intanet bai gagare ni ba.

Sai dai ban ji magana duka ba, dole in faɗi nawa laifin. A Maris 2019 da jirgin Ethiopian ya faɗi minti shida bayan tashi daga Addis, mutum 157, na rantse na bar bin hanyar nan, ni da nake ratsa filin jirgin nan duk tafiya. Ƙanen matata ya kira ni ya ce Yaya bi a hankali, wannan matsalar samfurin jirgin ce, Boeing 737 MAX, irinsa ne ya faɗi a Indunisiya watanni biyar kafin nan, wata na'ura ce da ke danna hancin jirgi ƙasa, shi ya sa duniya gaba ɗaya ta dakatar da samfurin, kuma ba ma shi ke zuwa Sin ba. Ban saurara ba. Na tafi wata ajans, ba zan kama suna ba, na ce a nemo mini wata hanya, yaron ya duba kwamfuta ya ce Alhaji ga wata har da sauƙin jika ɗari da hamsin, na ce yanke. Bai gaya mini eskal uku ne a ciki ba, ni kuma ban tambaya ba. Malam Edita, tashi huɗu sauka huɗu, kusan kwana biyu a hanya, ɗaya daga ciki ƙaramin jirgi ne da ke rawa kamar amalanke a kan burji, na kwana kan benci a wani filin jirgi da ban san yarensu ba, balis ɗina kuma sai bayan kwana uku ya iso. Mai tsoron tashi da sauka ya je ya saya wa kansa guda takwas da kuɗinsa, don gudun guda huɗu. An gudu ba a tsira ba.

Tun daga ranar na gane cewa mai tsoro ba sunan kamfani kaɗai zai duba ba, hanya zai duba. Yawancin haɗurran jirgi wurin tashi ne ko wurin sauka, can sama inda yake tafiya kilomita goma ko sha ɗaya daga ƙasa nan ne ya fi zama lafiya, ko da yake nan ne mu matsorata muka fi ƙirga mintoci. Saboda haka eskal ɗaya ya fi biyu, ko da ƙarin kuɗi. Mu nan zaɓinmu ba shi da yawa dama, ko ka bi Yamai ka samu Ethiopian ta Addis, ko Turkish ta Istambul, ko Royal Air Maroc ta Kazablanka, Air France kam tun juyin mulkin da aka yi a ƙasarmu a 2023 ta daina zuwa, ko kuma ka tsallaka Kano da ba ta wuce kilomita 240 ba ka tashi daga filin Malam Aminu Kano, in iyaka na lafiya kuma takardunka sun cika. Ba talla nake wa kowa ba, babu wanda ya ba ni ko dala. Cewa nake ka zauna ka ƙirga sau nawa za ka tashi, awa nawa za ka jira, wane irin jirgi ne zai yi doguwar tafiyar, kafin ka tambayi kuɗi.

Maganar irin jirgi kuwa ba ƙarama ba ce ga mai tsoro. Manyan nan masu hanya biyu a ciki, irin Boeing 787 da Airbus A350, ba sa jin iska kamar ƙanana, kamar dai bambancin babbar kar da ƙaramar mota a kan hanya mai ramuka, kuma iskar cikinsu ta fi sauƙin shaƙa, ba ka sauka da ciwon kai da bushewar maƙogwaro sosai. Daga Addis zuwa Gwanzu awa goma da wani abu ne, yawanci cikin dare, a kan teku. Da can in na ga taswirar nan ta gaban kujera ta nuna shuɗi ko ta ina sai in ce to in inji ɗaya ya mutu fa? Ashe an riga ni tunani, jirgi mai inji biyu ba a ba shi izinin ratsa teku sai an tabbatar zai iya tafiya da inji ɗaya na awoyi har ya kai filin sauka mafi kusa, kuma hanyar da ake zana masa ma da wannan lissafin ake zana ta. Matuƙan kuma duk bayan wata shida ake sa su cikin na'urar kwaikwayon jirgi a kashe musu inji da gangan a ga yadda za su yi. Ina ma direbobin hanyar Tanut haka ake musu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ba ni haushin kaina. Kafin in ga jirgin ma sai na yi kusan kilomita 900 daga Damagaram zuwa Yamai a kar, mu tashi tun kafin asuba, Takeita, Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, direba na gudu yana wuce manyan motoci a kwana, ga shanu ga jakuna ga masu kabu-kabu, ni kuwa in naɗe rawani in yi barci har da minshari. Ƙanen matata ya ce Yaya ai ranar da ka sauka tashar Yamai lafiya ka gama mai wuyar. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, mu da muke zuwa jana'izar irin wannan ba sai an karanta mana ba. Na yarda da lissafin ɗari bisa ɗari. Amma gaskiya lissafi kai yake shiga, ba ya sauka ciki, da zarar an rufe ƙofar jirgi cikin nan sai ya murɗa. A mota kana ganin direba, kana iya cewa malam rage gudu, kana ganin ƙasa. A jirgi an kulle ka cikin gwangwani, wanda ke riƙe da ranka bayan Allah ko fuskarsa ba ka gani ba. Ina jin asalin ciwon ke nan, ba faɗuwar ba.

Shi ya sa dabarun da suka yi mini amfani duk ƙanana ne. Ina biyan ɗan abin da ake biya in zaɓi kujera daidai fiffike ko gaba da shi kaɗan, don wutsiya ta fi ko'ina girgiza, kuma ta bakin hanya nake ɗauka ba ta taga ba, in ga fiffike na lanƙwasa ba abin da zai ƙare ni da shi ko da an ce haka aka ƙera shi. Bel ɗina a ɗaure yake ko fitilar ta mutu, tun da na ji labarin jirgin Singapore Airlines na Mayun 2024 da iska ta jijjiga har mutum ɗaya ya rasu da dama suka ji rauni, jirgin kansa lafiya lau ya sauka Bankok, waɗanda ba su ɗaure ba su suka bugi rufi. In girgiza ta fara sai in aje kofin ruwa a gabana in zuba masa ido, jikina na ce mini mun faɗa rijiya, ruwan kuwa ɗan motsi kawai yake ko zuba ba ya yi. Sannan in dubi ma'aikatan jirgin, in har suna hirarsu suna tura keken abinci to ni wa ya aike ni. Da damina in da hali na fi son tashin safe, don hadarin yankinmu da zafin ƙasa da rana suka fi tada iska.

Shayi kuma na daina ranar tafiya, wannan ya fi komai wuya ga ɗan Damagaram, amma shayin fada mai kauri ga wanda zuciyarsa ke bugawa dama ƙarin itace ne a wuta. Magani kuwa don Allah jama'a a bar sayen na masu tire a bakin tasha. Wani abokin tafiyarmu ya haɗiyi ƙwaya biyu da aka ce masa na barci ne, bai san sunansu ba, a Addis sai da muka riƙa jan sa kamar buhun gero, saura kaɗan jirgi na biyu ya bar mu duka saboda shi. In tsoron ya kai haka ka je likita ka yi bayani, musamman mai tansiyo ko ciwon suga, su suka san abin da ya dace. Ni abin da nake yi numfashi ne, in ja a hankali in sake shi ya fi tsawo, ina haɗa shi da tasbihi a carbi, kuma na cika wayata da karatun Alƙur'ani tun daga gida. Addu'ar hawa abin hawa, Subhanallazi sakhkhara lana haza, tun a bakin ƙofa nake yin ta. Lokacin da na je Umra a jirgin Saudiyya da na ji sun sa addu'ar tafiya a lasifika kafin tashi wani sanyi na ji, ban ce ya fi sauran gyara ba, amma mai tsoro ya san darajar wannan.

Wani abu kuma da na koya a makare, ka gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun wurin shiga cewa kai matsoraci ne. Ba sa dariya, sun saba. Wata ta taɓa zuwa har kujerata kafin mu shiga hadari ta ce matuƙi ya ce za a yi rawa ta minti goma, kar ka damu, kuma minti goman aka yi. Shi ya sa nake duba ko a jirgin akwai mai jin faransanci ko larabci, don tsoro da rashin yare in suka haɗu wa mutum abin ba kyau.

To Malam Edita ga roƙona, dalilin wasiƙar ke nan ma. Mu 'yan kasuwa muna da zaɓi, amma alhazai ba su da shi, jirgin da hukumar hajji da umra ta COHO da ajans suka tanada shi za su shiga, kuma yawancinsu tsofaffi ne daga Mirya da Magarya da Matamaye da ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda ko bene ba su taɓa hawa ba. A wurin bita ana koya musu ɗawafi da jifa da ɗaura harami, madalla, amma a ƙara ko rabin awa a gaya musu da Hausa cewa za ku ji tayoyi sun buga, za ku ji inji ya rage ƙara, kunne zai toshe ku haɗiyi yawu, ga yadda ake ɗaure bel ga yadda ake buɗe ƙofar bayi. Na ga dattijon da ya ƙi cin komai ya ƙi shan ruwa tun daga tashi har Jidda don tsoron kar fitsari ya kama shi ya rasa yadda zai yi. Ku ma jarida ku nemo matuƙi ko ma'aikacin hasumiya ɗan ƙasa ku yi hira da shi da harshenmu, ba sai jirgi ya faɗi za mu ga labarin jirgi a shafinku ba. Masu ajans kuma, ku ji tsoron Allah ku riƙa karanta wa mutum eskal nawa ne da wanda zai tuƙa shi kafin ku karɓi kuɗinsa.

Wata mai zuwa in Allah ya kai mu zan raka mahaifiyata Umra, karonta na farko ke nan a jirgi. Na zauna daren jiya ina ta yi mata bayanin tayoyi da inji da kofin ruwa, ina zufa, ita ko tana ta tsinke zogale a faranti. Da na gama ta ce to na ji, kai dai ka sama mini wurin taga in ga yadda Allah ya shimfiɗa ƙasarsa, kuma ka tambaye su ko za su bar ni in shiga da butata.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani mai saida kayan sola,
unguwar Zango, Damagaram